Jeri ɗaya na miƙa, ina rumbun bayanai ya samo yawan?

Wa alaikumus salam, ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ga abin da na fahimta daga tambayarka. Ka gina wa wata ƙungiyar manoma manhajar rabon takin zamani. Wakilan ƙauyuka, daga wajen Madarunfa har Gidan Rumji, suna aiki da wayoyin Android masu Room a ciki, a buro nan Maradi kuma akwai saba, wato babbar kwamfutar da wayoyin ke aika wa bayanai, mai Django da rumbun bayanai na PostgreSQL. In wakili ya zaɓi mambobi 20 ko 300 don ya yi musu alamar sun karɓa, komai lafiya lau. Ranar babban rabo wani ya zaɓi 1,200, waya ta ƙi, ta rubuto "too many SQL variables", kuma ba kowace waya ba. Kai kuma kana cewa jeri guda ka miƙa, ina aka samo yawan?

Kai ne ka ga jeri guda, rumbun bayanai bai gan shi ba. Abin da ya iso gabansa takarda ce mai gurabe 1,200, shi kuwa na cikin waccan wayar ba ya karɓar takardar da gurabenta suka wuce 999. Zan bi da kai hanyar da takardar take bi tun daga hannunka, domin wannan saƙo da ka gani shi ne mai sauƙi cikin matsalolin jeri. Ya yi ƙara, ka ji. Yana da ƴan'uwa masu ɓarna shiru, kuma su na fi so ka sani kafin rabo na gaba.

Rumbun bayanai, baz ɗin nan kamar yadda muke cewa a bakin aiki, harshen da ake kira SQL kaɗai yake ji. Room, Django, Laravel, Hibernate, SQLAlchemy, duk tafintoci ne da ke tsaye tsakaninka da shi. Kai ka rubuta:

Mamba.objects.filter(lamba__in=[12, 45, 78])

Tafinta ya ƙirga abin da ke cikin jerin, ya tarar uku ne, ya gina jimla mai gurabe uku:

SELECT * FROM mamba WHERE lamba IN (?, ?, ?)

Sannan ya miƙa 12, 45 da 78 daban, kowace da gurbinta. Alamar gurbi tana bambanta, wani wuri ?, wani wuri $1 da $2, a Django %s, amma aikin ɗaya ne. Babu sihiri a ciki. Buɗe fayil ɗin da Room ya rubuta maka da kansa lokacin haɗa manhaja, wanda sunansa ke ƙarewa da _Impl, ka gani da idonka: yana ɗaukar tsawon jerin, yana jera alamar tambaya da waƙafi har adadin ya cika, sannan ya koma farko yana zuba ƙima ɗaya-ɗaya.

Me ya hana a sa gurbi guda a zuba masa jerin baki ɗaya? Gurbi ƙima ɗaya yake ɗauka. Tuna rasit ɗin da ake cikewa a sito, layin suna na mutum ɗaya ne. In ka cusa "12,45,78" a gurbi guda, rumbu ba lambobi uku ya gani ba, rubutu ɗaya ya gani mai waƙafi a ciki. PostgreSQL zai ƙi nan take, ya ce wannan ba lamba ba ce. MySQL kuwa zai karanta daga hagu har inda lamba ta tsaya, ya ɗauki 12, ya bar sauran, ya kawo maka mamba ɗaya kamar ba abin da ya faru. Masu aiki da PHP da yawa sun sha wannan, su wuni suna neman inda mutum biyu suka shige.

To me ya hana a manna lambobin cikin jimlar kai tsaye a huta da gurabe? Domin abin da ke cikin jeri galibi daga waje yake zuwa, daga waya ko daga akwatin da mutum ya cike. A ce wani ya turo wannan a matsayin lamba:

5) OR (1=1

In ka manna shi da hannunka, sharaɗin ya zama "lamba tana cikin 5, ko kuma ɗaya daidai yake da ɗaya", wato sharaɗin da kowane layi ya cika. Duk sunayen mambobi sun fito, in kuma jimlar ta gogewa ce, duk sun tafi. Gurbi shi ke raba umarni da kaya. Abin da aka zuba a gurbi, ko me aka rubuta a ciki, kaya ne, ba zai taɓa zama umarni ba. Shi ya sa tafintoci suka riƙe wannan hanya, suka kuma gaji matsalarta: tsawon jimla yana bin tsawon jeri.

SQLite, rumbun cikin wayar wanda Room ke zaune a kansa, ya daɗe da iyakar gurabe 999 a jimla guda. Sai a siga ta 3.32.0, cikin watan Mayu na 2020, aka ɗaga ta zuwa 32,766. Abin da ke ruɗa mutane shi ne SQLite ɗin ba a cikin manhajarka yake ba, a cikin Android ɗin wayar yake, yadda ta fito daga kamfani. Android 11 na ɗauke da 3.28, Android 12 ne ya zo da 3.32. Ke nan wakilin da ya sayi sabuwar waya bara zai zaɓi 1,200 ya wuce, wanda kuma ke riƙe da tsohuwa ta hannu da ya saya a kasuwa zai tsaya. Kai da sabon Android ka yi gwaji a kwamfutarka, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. Ka kuma lura 999 ɗin jimillar gurabe ce, ba ta jeri kaɗai ba. In jimlar tana da gurbin ranar rabo da na lambar wakili, 997 ne suka rage wa jerin.

Kowane rumbu da tasa iyakar. Ta SQL Server 2,100 ce. PostgreSQL yana karanta adadin gurabe cikin bit 16 a saƙon da direba, wato ƙaramar manhajar da ke kai masa jimla, ke aika masa, don haka 65,535 ce ƙarshe, MySQL ma nan ya tsaya. Ta Oracle daban ce: shekara da shekaru, a tsofaffin sigoginsa, ba ya yarda abin da ke cikin IN guda ya wuce 1,000, ko gurabe ne ko lambobi ne a manne, sai ya jefo maka ORA-01795. Sabarka ba ta koka ba domin 1,200 ba ta ko kusa da iyakar PostgreSQL. Ban da haka, yadda Django ya saba aiki, direban psycopg ne ke cike gurabe tun a ɓangarenka, bayan ya kulle kowace ƙima yadda ba za ta karya jimla ba, ya aika jimla cikakkiya. Wannan ba ɗaya ba ne da manna rubutu da hannu, direba ya san ƙa'idar kullewa, kai da ni mukan manta wani lungu.

Tafintoci ba su zama ɗaya ba a gaban waɗannan iyakoki. Django in ya ga Oracle ne, da kansa yake yanka jerin dubu-dubu ya haɗa yankunan da OR. A kan SQLite kuma in_bulk yana kasa jerin kashi-kashi, amma filter ba ya yi. SQLAlchemy, wajen ɗebo bayanan da ke rataye da wasu ta selectinload, 500-500 yake aikawa. Laravel ya tanadi whereIntegerInRaw, wanda ke tilasta kowace ƙima ta zama lamba tukuna sannan ya manna ta, ba gurbi ko ɗaya. Room ba ya yanka maka jerin da ka miƙa wa jimlar da ka rubuta da hannunka. Abin da ka ba shi, shi zai jera.

Wani lokaci ma ba kai ka rubuta jerin ba. In ka ce wa Django prefetch_related, ko ka ce wa Laravel with, tafinta zai ɗebo mambobi da jimla ta farko, ya tattara lambobinsu, ya gina IN da su don ɗebo rasit ɗinsu a jimla ta biyu. Dabara ce mai kyau, ta fi a je rumbu sau ɗaya don kowane mamba, musamman in saba tana nesa rezo kuma yana wasa. Amma jerin yana girma tare da ƙungiyar, kai kuma ba ka ganinsa a kod ɗinka.

Akwai wani tsada da ba ya fitowa a saƙon kuskure. Kafin rumbu ya amsa jimla sai ya karanta ta, ya zaɓi hanya: ya bi fihirisa, wato jerin da ke nuna masa inda kowane layi yake, ko ya bi tebur layi-layi. Rumbuna irin SQL Server da Oracle suna ajiye hanyar da suka zaɓa, su ɗaura ta da rubutun jimlar, don gobe in ta dawo ba sai an sake tunani ba. To jimla mai gurabe uku da mai huɗu rubutu biyu ne daban. Jerin da tsawonsa ke yawo tsakanin 1 da 1,000 zai haifi jimloli 1,000, kowace da nata tunanin, su cika ma'ajiyar su kori waɗanda ake bukata kullum.

Masu Hibernate sun magance wannan irin yadda mai takalma ke yi a babbar kasuwa. Ba ya ɗinka wa kowace ƙafa nata, lamba-lamba ya ajiye. In ka kunna in_clause_parameter_padding, jerin ƙima 5 zai zama gurabe 8, a maimaita ƙimar ƙarshe har su cika, na 9 ya zama 16, haka har sama. Maimaici ba ya canza amsa, domin IN tambaya ce ta "yana ciki ko ba ya ciki". Jimloli 1,000 sun koma 11. Kada dai ka kwaikwayi wannan da hannunka a Room, jerin 600 zai zama 1,024 ka faɗa ramin da kake gudu. SQLAlchemy kuma tun siga ta 1.4, a 2021, yana ajiye jimlar da alama guda a wurin jerin, sai daf da aikawa ya buɗe ta gwargwadon tsawon da ya zo.

PostgreSQL yana da hanyar da na fi so. Ya san ƙunshi a matsayin ƙima guda, don haka kana iya cewa:

WHERE lamba = ANY($1)

Gurbi ɗaya, ƙunshin lambobi a ciki, ko uku ne ko dubu uku rubutun jimlar bai canza ba. Shi da kansa ma in ka ba shi IN mai jeri, zuwa wannan siffa yake juya shi a ciki, in ka duba EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da ya zaɓa, za ka gani. Tun siga ta 14, a 2021, in jerin ƙayyadaddun ƙima ya yi tsawo yana zuba su a teburin hash, wato tsarin da ake gano ƙima a ciki nan take, maimakon ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan kowane layi. Wanda ya tashi daga psycopg2 zuwa psycopg 3 yana rubuta SQL da hannu zai ci karo da wannan dole, tsohuwar al'adar "IN %s" ta daina aiki, sai ANY.

Labarin Entity Framework Core, tafintan Microsoft, ya isa ya nuna maka cewa manyan ma ba su gama daidaitawa ba. Har siga ta 7 manna ƙimomin suke yi cikin jimla. A siga ta 8, Nuwamba 2023, suka koma aika jerin a matsayin rubutun JSON guda, SQL Server ya kwance shi da OPENJSON. Jimla ta zama ɗaya, amma mai zaɓen hanya ya daina ganin ko abu uku ne a ƙunshin ko dubu goma, wasu manhajoji suka yi nauyi. A siga ta 10, Nuwamba 2025, suka dawo kan gurbi-gurbi tare da ciko. Duk hanyar da ka bi akwai abin da ka saya, akwai abin da ka sayar. A girman aikinka na yanzu wannan ba zai hana ka barci ba, ka san shi dai ka ajiye.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, jerin da babu komai a ciki.

IN () ba jimla ba ce a wajen PostgreSQL, MySQL, SQL Server da Oracle, kuskure ne. SQLite kaɗai cikinsu ke karɓa, ya ce babu layin da ya dace. Don haka dole tafinta ya yi wata dabara. Rails yana rubuta 1=0. Laravel yana rubuta 0 = 1, in kuma whereNotIn ne ya rubuta 1 = 1. Django ba ya ma zuwa rumbu, ya san amsar wofi ce, sai ya dawo maka da wofi. Dukkansu sun yi daidai: wanda aka ce ya kirawo mutanen da ke cikin takarda, takarda kuma fara ce, ba wanda zai kirawo.

Ɓarna daga wajenmu take fitowa. Shekarun baya na yi wa wani bankin cimaka aiki, irin wanda ke ba da hatsi bashi da bazara a biya da kaka. SQL da hannu muke rubutawa a lokacin. Rumbu ya yi ta ƙin jimlar duk sanda jeri ya zo fanko, sai na rufe bakin kuskuren da layi ɗaya: in jeri yana da abu, a ƙara sharaɗin IN, in babu, a wuce. A shafin bincike wannan daidai ne, wanda bai zaɓi ƙauye ba duka ƙauyuka yake son gani. Amma aikin nan guda shi ne kuma ke gina sharaɗi a shafin biyan bashi. Wata ranar kasuwa ma'aji ya danna "sun biya" bai zaɓi kowa ba. Jimlar ta tafi ba sharaɗi. Duk wanda ake bi tiya ko buhu ya wayi gari a manhaja ba a bin sa komai. Babu saƙon kuskure, babu ja a allo. Sai bayan kwana uku da lissafin sito ya ƙi haɗuwa aka gane. Ni da ma'ajin muka zauna a tabarma da babban littafinsa na takarda, shi yana karanta suna da adadin tiya, ni ina mayarwa, kwana biyu cur. Ba don yana rubutawa a littafin kafin ya taɓa kwamfuta ba, da hatsin mutane ya bi ruwa, da kuma amanar da suka ba shi. Har yau in na ga "in jeri yana da abu" a kod ɗin wani sai na tsaya na karanta abin da ke ƙarƙashinsa sau biyu.

Don haka ka yanke da kanka, a kowane shafi, me jeri fanko ke nufi. A bincike yana iya nufin kowa. A gyara ko gogewa ba ya taɓa nufin kowa, a can manhaja ta tsaya ta ce wa wakili bai zaɓi kowa ba. Kuma ka tuna juyinsa: "duk wanda ba ya cikin jeri", in jerin fanko ne, kowa ke nan. In kana da aikin da ke share daga waya duk mamban da saba ba ta turo lambarsa ba, ranar da rezo ya yanke aka samu jeri fanko, teburin gaba ɗaya zai share, kuma SQLite ba zai ce uffan ba.

Na biyunsa NULL ne. Za ka so ka san waɗanda ba su karɓi taki ba tukuna, sai ka ce a kawo mambobin da lambarsu ba ta cikin lambobin teburin rabo. A ce cikin teburin akwai rasit ɗaya da aka shigar ba lambar mamba. A idon rumbu sharaɗin ya zama:

lamba NOT IN (12, 78, NULL)

Ɗauki mamba mai lamba 45. Shi ba 12 ba ne, gaskiya. Ba 78 ba ne, gaskiya. Shi ba mai rasit ɗin nan marar suna ba ne? Rumbu ba zai rantse ba, domin NULL ba sifili ba ne, "ba a sani ba" ne. Kamar a tambayi magatakarda ko wane ya karɓa, ya ce akwai rasit ɗaya da ba a rubuta sunan mai shi ba, yana iya zama nasa. SQL yana da amsa uku, i, a'a da ba a sani ba, kuma layin da amsarsa ta zama i kaɗai yake fitowa. Tunda kowane mamba yana iya zama mai rasit ɗin, ba wanda zai fito. Allo zai nuna maka babu wanda ya rage, alhali mutum ɗari suna zaune a inuwa suna jiran a kira su. Maganinsa NOT EXISTS, wanda ke tambayar "akwai rasit mai lambar wannan mutum?" kuma amsarsa i ko a'a ce kawai. A Django, Exists da OuterRef ke gina shi. Mafi kyau kuma ka hana wannan ginshiƙi karɓar NULL tun farko, rasit marar mai shi bai kamata ya shiga ba.

Tafintoci ma sun saɓa a nan. Ka ba Rails jeri mai 12 da wofi, zai rubuta "lamba 12 ce ko kuma IS NULL", ya kawo maka har layukan da ba su da lamba. Ka ba Django irinsa, zai cire wofin ya yar, ya nemi 12 kaɗai. Jeri ɗaya, amsa biyu. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan sai ya kula.

Ƙananan abubuwa biyu, a gurguje. IN ba ya riƙe tsarin jerinka, ka ba shi 78, 12, 45 ya dawo da su yadda ya ga dama, in kana son tsari sai ka faɗa da ORDER BY ko ka jera da kanka. Sannan nau'in ƙima ya dace da na ginshiƙi. In lambar katin mamba rubutu ce irin "0045", ka aika ta a matsayin rubutu. A MySQL, in ka gwada ginshiƙin rubutu da lamba, fihirisa ba za ta yi aiki ba, sai ya bi tebur duka. 

To me za ka yi da wayoyin wakilanka?

Kafin komai ka tambayi kanka daga ina 1,200 ɗin suka fito. Ba na jin wakili ya zauna ya danna suna 1,200 da yatsa a rana. Kusan tabbas ya zaɓi gunduma ko ƙauyuka ne ya danna "zaɓi duka". In haka ne, manhajarka ta ɗebo lambobi daga rumbu, ta riƙe su a hannu, ta mayar wa rumbun tana tambayarsa ko ya san su. Ɗiban ruwa ne daga rijiya a zuba a rijiya. Aika sharaɗin kawai: a yi wa duk mamban ƙauye kaza alama. Gurbi ɗaya ko biyu sun isa. In wakili ya zaɓi duka ya cire mutum bakwai da ba su zo ba, aika ƙauyen da jerin bakwai ɗin. A saba ma haka. In ka miƙa wa lamba__in wata tambayar Django yadda take, ba ka juya ta zuwa list ba, zai saka ta a matsayin ƙaramar tambaya cikin babbar, lambobin ba za su bar rumbu ba sam. Da zarar ka naɗe ta da list, ka tilasta a ɗebo su a mayar. Yawancin dogayen jerin da na gani a aikin mutane irin wannan ne, bai kamata a ce sun zama jeri ba tun asali.

In kuwa da gaske daga waje jerin ya zo, misali an karanta katunan mambobi ɗaya-ɗaya a bakin sito, to ka yanka shi. A Kotlin chunked(500) ya isa, kuma ka sa duka yankunan cikin withTransaction guda. Wannan na biyun ba ado ba ne. In batir ya mutu bayan yanki na biyu, ko dai duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga, kada a wayi gari mutum 1,000 sun karɓa a manhaja 200 ba su karɓa ba alhali buhunan sun fita. Amma yanka yana da inda ba ya aiki. Ga IN na gyara ko na ɗebowa, lafiya. Ga NOT IN, a'a: wanda ke yanki na farko ba ya cikin na biyu, sai jimla ta biyu ta kama shi. Haka in akwai LIMIT, ko jerawa, ko matsakaicin lissafi, kowane yanki nasa zai yi, haɗa su kuma ba zai ba ka amsar gaskiya ba.

A irin waɗannan wurare, da kuma duk inda jeri ya kai dubbai, ka ba jerin tebur nasa. Ƙaramin tebur mai ginshiƙi ɗaya, ka kira shi zaɓi. Duk katin da aka karanta a zuba lambarsa a ciki nan take, in an gama a haɗa shi da teburin mambobi ta JOIN ko EXISTS. Ba iyakar 999, ba jimla mai tsawon zani, kuma ga wata riba da ta dace da aikinmu a nan: in waya ta mutu tsakar rabo, aka kai ta caji aka dawo, zaɓin yana nan. SQLite yana da json_each da ke kwance ƙunshi daga gurbi guda, za ka ga ana ba da shawararsa, amma kada ka dogara da shi a tsofaffin wayoyi, don ba kowace ke da shi ba.

Gani ya kori ji, don haka ka saba da duba abin da tafinta ya faɗa da sunanka. A Django, buga str na query ɗin tambayarka, ko ka duba connection.queries lokacin da DEBUG ke kunne. A Laravel toSql ne. A Room akwai setQueryCallback, zai nuna maka kowace jimla da ƙimominta yayin da take fita. In jimla ta yi nauyi a saba, sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta ka karanta hanyar da PostgreSQL ya bi, amma ka sani yana aiwatar da jimlar da gaske, kada ka yi shi a kan ta gyara ko gogewa sai cikin ma'amala, wato transaction, da za ka soke.

Kafin rabo na gaba, ari wayar wakilin nan da ta ƙi, ita kanta, ba irinta ba. Gwada kowane shafi mai zaɓi da jeri fanko, da mutum ɗaya, da 999, da 1,000, da 5,000, sannan ka shigar da rasit ɗaya marar lamba ka duba ko jerin waɗanda ba su karɓa ba yana nan yadda yake. Shafin "sun karɓa" da aikin da ke daidaita waya da saba, su za ka fara gwadawa da jeri fanko, a kan kwafin bayanai. In ka ga jimlar da ba ka gane ba, turo mini ita yadda Room ya fitar da ita, tare da sigar Android ɗin wayar, mu duba tare. Allah ya taimaka, ka gaida mutanen buro.